DUSA DA WAKE DA GANYE: ABINCIN DA KE GYARA CIKI

Wannan ɗan littafi an yi shi ne domin magidanta da matan aure na ƙauyukan Bakolori, watau ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan gida, don su ke riƙe da turmi da tukunya.

Ni da na rubuta shi ba likita ba ne. Ma'aikacin ɗakin shan magani ne, na yi shekara ashirin da 'yan kai ina wanke gyambo, ina ƙidaya ƙwayoyi, ina rubuta sunayen marasa lafiya. Abin da zan faɗa muku, wani na gan shi da idona, wani kuwa manyan likitocin duniya ne suka bincika suka tabbatar.

DATTIJO DA RAGONSA

Wata ranar Laraba, kashegarin kasuwar Mafara, wani dattijo ya shigo wurina yana takawa sannu-sannu. Na ba shi benci, ya ƙi zama sosai, sai ya ɗosana gefe guda.

Na ce, "Baba, me ke damunka?"

Ya ce, "Ɗana, basir ne ya sa ni gaba. Sai in yi kwana huɗu ban zaga ba. In na tsuguna kuwa sai na yi gumi, ga zafi, wani lokaci har da ɗan jini."

Ya kwance wani ƙunshi ya nuna mini. Kwalabe uku ne da ƙullin gari biyu, duka ya saye su wurin masu tallan magani da lasifika. Ya ce rago ya sayar ya biya kuɗinsu. In ya sha sai cikinsa ya ɓalle kwana ɗaya, daga nan ya sake ɗaurewa fiye da dā.

Na ce, "Baba, jiya me ka ci?"

Ya ce da safe shayi da burodi, da rana farar shinkafa da mai da yaji, da dare taliya. Na tambaye shi da me ya yi kiwon ragon da ya sayar. Ya yi dariya ya ce, "Da dusa mana, da kowar wake. Ai ka ga santsin jikinsa!"

Na ce, "To, Baba, rago ya ci maganinka, kai kuma ka sayar da shi ka sayo wanda ba shi da amfani."

A rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Irin wannan dattijo suna da yawa a ƙasarmu, maza da mata, kuma saboda su aka yi wannan littafi.

YADDA ABINCINMU YA SAKE

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, da niyyar ba da ruwa ga gonaki kimanin hekta 23,000. Ni an haife ni ne bayan an gama ta, amma na tarar da kakata da rai, na kuma ci tuwonta. Abincin gidanmu a lokacin shi ne tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, da furar gero, da hoce, da fate mai yakuwa, da kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli, da wake. Yara kuwa suna yini suna gaigayar goriba, suna tsintar magarya da ɗinya da kanya. Shinkafa sai ranar salla ko biki.

Yau shinkafa ta zama abincin kullum, mu ke noma ta rani da damina. Wannan alheri ne, ba wanda zai ce a daina. Amma tare da ita sai injin casa ya zo, mai goge ƙwaya har ta yi fari fat. Burodi da taliya da lemon kwalba suka shigo kowane ƙauye. Sai mutane suka ɗauka farin abinci shi ne na masu hali, tuwon dawa da ganye kuwa na talaka ne. Har amarya ta kan ji kunyar a ce ta yi wa baƙo fate.

Abin da ba mu lura ba shi ne, duk lokacin da aka ƙara wa abinci fari, an cire masa wani abu da ciki ya ke bukata.

MECE CE HARZA?

Kowane abinci da ya tsiro daga ƙasa yana da wani sashe da cikin mutum ba ya iya narkarwa. Shi ne mu ke kira harza. Likitoci suna ce mata faiba. Dusar gero da ta dawa da ta masara harza ce. Fatar wake harza ce. Zaren da ke cikin ganyen rama, da na mangwaro, da tuƙar aya, da yauƙin kuɓewa, duka harza ne. Nama da kifi da ƙwai da nono da mai da sukari ba su da ita ko kaɗan, ko da ya ke nama da kifi da ƙwai da nono suna da nasu babban amfani wajen gina jiki.

Kada a haɗa dusa da ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin hatsi da ɓuntun shinkafa ba abincin mutum ba ne, a sheƙe su a zubar. Dusa ita ce 'yar siririyar fata da ke manne da ƙwayar kanta, wadda ke fita wurin surfe.

Harza iri biyu ce. Akwai mai kaushi wadda ba ta narkewa cikin ruwa, kamar dusa da fatar wake. Akwai kuma mai yauƙi wadda ke jiƙa ta yi kauri, kamar ta kuɓewa da kuka da lalo da cikin wake. Jiki yana bukatar duka biyu.

Wani zai ce, abin da ciki ba ya narkarwa, ina amfaninsa? To, ga amsa.

AIKIN HARZA CIKIN JIKI

Na ɗaya, tana tausasa bayan gida. Duk manomin da ke aikin ban ruwa ya san halin hanyar ruwa. In ruwa yana da yawa yana gudu, hanya ta kan zauna a buɗe. In ya yi kaɗan ya kwanta, sai laka ta taru ta toshe. Haka babban hanji ya ke. Aikinsa shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. In ragowar ba ta da yawa, sai ta daɗe a ciki, hanji ya yi ta tsotsa har ta bushe ta yi tauri kamar kashin akuya. Harza tana riƙe ruwa kamar soso, tana ƙara wa bayan gida yawa da laushi, sai ya fita ba tare da yunƙuri ba.

Yunƙurin nan mai tsanani da daɗewa a tsugune su ke kumbura jijiyoyin jini na dubura, ko su tsaga fatar wurin. Wannan shi ne ainihin basir mai tsiro da mai jini. Wanda bayan gidansa ke fita da sauƙi ya tsere wa babban dalilin wannan wahala, wanda ya riga ya kamu kuwa ya kan sami sauƙi ƙwarai.

Na biyu, tana tsare sukari kada ya afka wa jini gaba ɗaya. Shinkafa da burodi da tuwo duk suna komawa sukari ne cikin hanji, sa'an nan su shiga jini. In abincin fari ne mai laushi, sukarinsa ya kan shiga da sauri, kamar an buɗe ƙofar madatsa duka a lokaci guda. In yana tare da harza, sai ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, jiki yana aiki da shi yadda ya kamata. Shi ya sa masu cin harza da yawa ba su cika kamuwa da ciwon sukari na manya ba kamar waɗanda ba su ci. Wanda ya taɓa ganin mai ciwon sukari da gyambon da ya ƙi warkewa har aka yanke ƙafa, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na uku, tana rage wani irin kitse da ke yawo cikin jini, wanda a ke kira kwalastarol. In ya yi yawa ya kan liƙe a jikin jijiyoyi ya ƙuntata su, daga nan a sami ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Harza mai yauƙi tana kama wani sashe na ruwan matsarmama cikin hanji ta fita da shi. Sai hanta ta ɗebi kitsen nan daga jini don ta yi sabo, ta haka ya ke raguwa.

Na huɗu, tana ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani. Cikin babban hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙidayuwa. Ba duka ne masu kawo cuta ba, yawancinsu ma'aikata ne. Harza ce abincinsu. In sun ci, su kan fitar da wani abu da ke ƙarfafa fatar cikin hanji. Wannan na cikin dalilan da suka sa ciwon daji na babban hanji bai cika kama masu cin harza ba.

Na biyar, tana riƙe ciki. Wanda ya ci wake ko ya sha furar gero da safe ya kan kai azahar a gona. Wanda ya ci burodi kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo. Ga mai zaman shago ko ofis, wannan na hana yawan ciye-ciye da ajiye teɓa.

Ban da harza, dusa tana ɗauke da sinadaran da ke ƙara jini da ƙarfin jijiya. Wajen 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya, ya lura kajin da a ke ba gogaggiyar farar shinkafa kaɗai ƙafafunsu suna shanyewa. Da aka koma ba su shinkafar da ba a goge ba, sai suka miƙe. Daga baya aka gane abin da ke cikin dusar shi ne bitamin B1. Gumi da matanmu ke yi, watau turara shanshera kafin a kai ta casa, yana tura wani sashe na wannan bitamin cikin ƙwaya. Saboda haka shinkafar gida da aka guma ta fi wadda aka goge ɗanya.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Abin mamaki, daga mutanen karkara na Afirka irinmu duniya ta koyi wannan darasi. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ya tafi Uganda a 1946, ya yi kusan shekara 20 yana aiki a can. Ya lura cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila, kamar ciwon daji na babban hanji, da wuya ya gan su ga manoman Uganda. A 1972 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi. Mutumin ƙauye a Uganda ya kan fitar da bayan gida fiye da giram 400 a yini, kuma abinci ya kan ratsa cikinsa cikin kwana ɗaya da rabi. Baturen da ke cin farin burodi da sukari kuwa, nasa bai fi giram 100 da 'yan kai ba, kuma abinci ya kan yi kwana uku ko fiye kafin ya fita.

A 2015 aka ba da labarin wani gwaji. An ɗauki baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu, aka musanya musu abinci na mako biyu. Amurkawa suka ci masara da wake da ganye, 'yan Afirka suka ci soyayyen nama da abinci mai maiƙo maras harza. Da aka duba hanjinsu, sai aka ga alamun hatsarin ciwon daji sun ragu ga Amurkawa, sun ƙaru ga 'yan Afirka. Cikin mako biyu kacal!

A 2019 kuma wasu masana na ƙasar Niyu Zilan suka tara sakamakon bincike fiye da 200 da aka yi cikin kusan shekara 40. Suka tarar masu cin harza da yawa, idan aka gwada su da masu cin kaɗan, hatsarin mutuwa da wuri da na ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari da dajin hanji ya ragu gare su da kashi 15 zuwa 30 cikin 100.

Watau abin da Turawa ke saye da tsada cikin kwali, shi ne mu ke zuba wa tumaki a kwatarniya.

NAWA A KE BUKATA?

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba ya ci harza aƙalla giram 25 a yini, da ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 giram 15 na harza, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 21, daga shekara 10 kuwa kamar babba.

Ga kimanin harzar da ke cikin giram 100 na wasu abincinmu:

Busasshen wake: giram 10.
Gyaɗa: giram 8.
Dabino: giram 7 zuwa 8.
Dawa da ba a surfa ba: giram 6 zuwa 7.
Gwaiba: giram 5.
Ɗanyar kuɓewa: giram 3.
Dankalin Hausa: giram 3.
Farar shinkafa kafin a dafa: giram 1.
Nama, mai, sukari: babu.

Na san ba wanda ke da ma'auni a madafa. Abin lura shi ne wannan: kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kimanin giram 11, watau kusan rabin bukatar yini. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram 1 ba. Wanda ya sha furar gero da safe, ya ci wake da shinkafa da rana, ya ci tuwon dawa da miyar ganye da dare, ya ɗan taɓa gyaɗa ko gwaiba a tsakani, ya cika awonsa ba tare da lissafi ba.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA YI

1. A sassauta surfe. Ba a ce a daina ba, don jar dawa in ba a surfa ta ba tuwonta ya kan yi bauri. Amma surfe ɗaya mai sauƙi ya isa. Gero da maiwa da farar dawa suna yin tuwo da fura masu daɗi ko da an ɗan shafa su kawai.

2. In an kai niƙa, a yi tankaɗe da rariya mai faɗin ido. Tsakin da ya rage a yi fate ko dambu da shi.

3. In an kai shinkafa inji, a gaya wa mai inji kada ya goge ta sau biyu. Ɗan ja-jan da ke jikin ƙwaya ba datti ba ne.

4. Kada a dafa shinkafa ita kaɗai. In an auna gwangwani biyu na shinkafa, a sa gwangwani ɗaya na wake. Haka taliya, a haɗa ta da wake ko alayyafo ko kabeji.

5. A jiƙa wake tun da dare, da safe a zubar da ruwan a dafa da sabo. Ya fi saurin nuna, ya rage cin itace, ya kuma rage kumburin ciki. Da haka ba sai an zuba kanwa da yawa ba, don yawan kanwa yana kashe wasu bitamin. Ƙosai da alale suna da kyau, amma an surfe fatar wakensu, saboda haka dafaffen wake ya fi su harza. A tuna da gurjiya kuma.

6. Kullum a sami ganye a akushi: zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, lalo, karkashi, ganyen wake. Lokacin da suka yi araha a shanya a inuwa a adana don bazara. Kowane gida ya dasa zogale ko biyu a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa.

7. 'Ya'yan itace a ci su da tuƙarsu. Lemon zaƙi da aka ci da ɓargonsa na ciki ya fi wanda aka tsotse aka yar. Lemon kwalba kuwa ruwa ne da sukari, ba shi da harza.

8. A jiƙa gero ko dawa su kwana, ko a bar ƙullu ya ɗan yi tsami kafin a dama. A sa tsamiya a kunu, a matsa lemon tsami a kwaɗo. Wannan yana taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarin jini da ke cikin hatsi da ganye.

Maigida kuma, in ka girbe wake kada ka kai shi kasuwa duka. Ka ware na gida tukuna. Kada kuma ka raina uwargida don ta kawo maka fate.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya daɗe yana cin farin abinci, in ya auka wa wake da ganye rana ɗaya, cikinsa zai kumbura ya yi ta fitar da iska. A ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, ciki zai saba.

A sha ruwa da yawa. Harza ba ruwa kamar ɓawon soso ne busasshe, tana iya ƙara ɗaure ciki. Manomi da ke yini cikin rana ya tafi da gorarsa. In fitsari ya yi ja, ruwan bai isa ba. Lokacin azumi, a sami dabino da ganye wurin buɗa-baki, a sami wake ko fura wurin sahur, a sha ruwa sosai tsakaninsu.

A wanke ganye. Latas da kabeji da tumatir da karas da a ke ci ɗanye, a wanke su da ruwa mai tsabta na famfo ko rijiyar burtsatse, ba da ruwan hanyar ban ruwa ba. Ruwan nan yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin amai da gudawa. Lokacin da annobar amai da gudawa ta ɓulla, a dafa kowane ganye kafin a ci. Wanda aka yi wa feshi kwanan nan kada a tsinke shi sai kwanakin da aka rubuta jikin kwalbar maganin sun cika.

A tsince hatsi. Masara ko gyaɗa ko dawa da ta yi fumfuna tana da guba mai lalata hanta, kuma gubar ta fi taruwa a fata da cikin ƙwayoyin da suka lalace. A zubar da duk ƙwayar da ta yi kore ko baƙi ko ta ruɓe. Sassauta surfe na hatsi mai kyau ne, wanda ya bushe sarai kafin a zuba shi rumbu. Kada kuma a zuba wa waken ci maganin ƙwari na feshi. A adana shi cikin buhu mai ninki uku ko jarka da aka toshe bakinta, gunda za ta mutu don rashin iska.

Masu ciki su kan yi fama da taurin bayan gida, musamman in suna shan ƙwayar ƙarin jini da a ke ba su wurin awo. Kada a daina shan ƙwayar. A ƙara ganye da wake da ruwa.

Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye maganin da likita ya ba shi ya ce zogale ya isa. Abinci mataimakin magani ne. Mai gudawa kuma, abin da ya fi bukata shi ne ruwan gishiri da sukari, ba ƙarin ganye ba.

KADA A CIKA WA JARIRI CIKI DA DUSA

Wannan magana tana da nauyi, don tamowa ta yi yawa a ƙasarmu. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai ya ke bukata, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Daga wata 6 zuwa shekara 2 a ci gaba da nono, a ƙara da abinci. Amma cikinsa ƙarami ne, bai fi ɗan ƙoƙo ba. In aka cika shi da dusa da ruwan kunu tsararo, zai ƙoshi alhali bai sami abin gina jiki ba. Shi a ba shi kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ɗan mai, da ƙwai, da kifi, da wake da aka dafa lugub aka murje, da ɗan garin zogale, da gwanda ko mangwaro nunanne. Bayan shekara 2 sai ya shiga akushin gida sannu a hankali.

ALAMUN DA BA A ZAUNA A GIDA

Mu Hausawa kowane ciwo mu kan ce basir ne. Ciwon baya basir, kasala basir, rama basir. Wannan ya sa mutane da dama suka zauna da babbar cuta suna shan jiƙo har lokaci ya ƙure. Na san hanya ba ta da daɗi a wannan zamani na rashin tsaro, kuɗin mota kuma ya yi tsada. Duk da haka, wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya zo a duba shi:

Jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa, ko wanda ya gauraya da bayan gidan, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.

Bayan gida ya sake hali fiye da mako uku, yau gudawa gobe tauri, musamman ga wanda ya wuce shekara 40.

Rama ba dalili, ko ƙullutu a ciki, ko idanu da tafin hannu su yi fari.

Yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko gyambon da ya ƙi warkewa.

In kuwa ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, ba bayan gida ba tusa, to wannan hanji ne ya toshe ko ya murɗe. Kada a ba da maganin wankin ciki, kada a ba da abinci, kada a jira gari ya waye. A tafi babban asibitin Talata Mafara ko wanda ya fi kusa nan take. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Gusau ko Sakkwato.

ƘARSHEN LABARIN DATTIJO

Dattijon nan na tura shi wurin likita tukuna saboda jinin da ya ambata. Aka duba aka ce basir ne kawai, ba wani abu a bayansa. Ya koma shan furar gero da safe, matarsa ta riƙa sa wake cikin shinkafa, da dare tuwon dawa miyar kuka. Bayan wata guda ya biyo ta wurina kan hanyarsa ta zuwa kasuwa. Na ba shi benci, ya zauna daram.

Ya ce, "Ɗana, yanzu ni da tumaki raba dusa mu ke yi."

Jama'a, riga-kafi ya fi magani. Abin da a ke nema gare ku ba na saye ba ne, yana cikin rumbunku da lambunku da bayan ɗakinku. Ku sassauta surfe, ku haɗa shinkafa da wake, ku sa ganye kullum, ku sha ruwa mai tsabta. Wanda ke da tambaya ya zo ɗakin shan magani mafi kusa da shi, ba a biyan kuɗin tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.